Santorini a Takarda, Garun Malam a Ƙafa

Shekaru huɗu da suka wuce, a wata jarida da na yi wa aiki, aka ɗora mini cike shafin ƙarshen mako. Edita ya ce in samo wani wurin shaƙatawa da ya yi suna a duniya, in yi masa rubutu mai daɗi, a haɗa da hotuna masu ɗaukar ido. Na zaɓi Santorini, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar Girka. Ban taɓa taka Girka ba, a lokacin ma fasfona ko hatimi ɗaya bai sha ba. Na zauna gaban kwamfuta yini guda ina tsintar abin da wasu suka gani, na jera shi kamar da ƙafata na je. Na siffanta fararen gidajen garin Fira da ke maƙale a gefen dutse suna leƙen teku, da ƙauyen Oia inda baƙi ke cincirindo da yamma don kallon faɗuwar rana, da baƙin yashin gaɓar Kamari da Perissa wanda dutse mai aman wuta ya bar musu gado. Shafi ya fito, abokan aiki suka yaba, ni ma na ji kaina ya ƙara girma.

Da ƙaramar Sallah na je gaida Kawu, ƙanin mahaifiyata, a Garun Malam. Ashe ɗansa ya riga ya karanta masa rubutun a waya. Muna gama gaisawa a zaure ya ce, “Ɗan jarida, ashe har ƙasar Turawa ka je ba ko sallama?” Na ce, “Ban je ba, Kawu, bincike na yi.” Ya ɗan yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, “Ikon Allah. Inda ba ka je ba ka zayyana shi haka. To ina ga garin da aka binne cibiyar mahaifiyarka?” Mutanen zaure suka yi dariya, ni ma na taya su. Na koma Kano a ranar, ban ko kwana ba.

Bara Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Cikin abin da ta bari akwai gona, eka ɗaya da 'yan kai, a filin noman rani da ke bayan garin. Kawu ne ke noma ta tun muna yara, kowace shekara ya aiko mata da rabonta na shinkafa da albasa. Mu huɗu ne magada, dukanmu a birni muke, babu wanda ya taɓa riƙe fartanya da sunan sana'a. Da aka zauna, kowa ya ce a sayar. Ni ma haka na ce, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na riga na yi lissafin abin da kasona zai yi mini idan na haɗa da ɗan abin da na tara: biza, da tikitin jirgi, da kwana biyar a tsibirin nan da na rubuta ban gani ba. Ni aka wakilta in je in sanar da Kawu.

Sai na ga bai dace in sa hannu a sayar da abin da ban san ko mene ne ba. Na ɗauki hutun kwana uku a ƙarshen watan Janairu, lokacin da hunturu ke kan ganiyarsa, tumatir kuma ya cika kasuwa. Na ƙudurta zan ziyarci yankin kamar yadda baƙo ke ziyartar tsibiran Girka, in bi garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya har bakin ruwa.

Inda ruwan ya faro

Yawancinmu ta tagar mota muka san wannan yanki. Mai tafiya Zariya ko Kaduna ko Abuja daga Kano dole ya ratsa shi. Ya wuce Tamburawa, ya rage gudu a Karfi idan yana sha'awar gasasshiyar masara, ya wuce Kura, ya hangi kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ya bar Ciromawa a baya, shi ke nan. Ba kasafai yake tambayar kansa me ya sa ƙasar nan take kore shar a tsakiyar rani ba, alhali ko'ina ya bushe ƙamas. Amsar tana can kudu, a Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kuma can na fara dosa.

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Bango ne na ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, an tsara shi ya tare ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, tafkin da ya haifar kuma ya mamaye murabba'in kilomita 178. Na sha rubuta irin waɗannan alƙaluma a labarai, amma ban san nauyinsu ba sai da na tsaya a bakin tafkin da hantsi, na nemi ɗaya gaɓar da ido na rasa. Hazo ya haɗe ruwa da sama, kawunan duwatsu kaɗai ke leƙowa nan da can.

Masunta suna dawowa da kwale-kwale, masu saro na jiransu da robobi. Na sayi karfasa, aka soya mini nan take, na ci da yaji ina tsaye. Wani dattijon masunci ya nuna mini tsakiyar ruwan da haɓarsa ya ce a ƙarƙashin nan gonar mahaifinsa take. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu kafin a tare kogin. Akwai kuma mutanen ƙasa, na fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke noma da su da kiwo da ita ta ragu bayan an tare Tiga, aka ƙara da madatsar Calawa a 1992. Duk wanda zai yaba koren Kura da Garun Malam, ya kamata ya san cewa wasu sun biya kuɗinsa da gidajensu da gonakinsu. Mu mutanen birni ma muna cikin masu cin moriya, domin daga ruwan da ake saki daga nan ake ɗibar wani kaso na wanda ake tacewa a tura wa Kano.

Otal biyu a bakin tafki

Audu Bako bai tsaya ga noma kaɗai ba, ya so mutane su riƙa zuwa kallo. Shi ya sa aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana fuskantar tafkin Tiga, aka gina wani a bakin tafkin Bagauda, kamar yadda aka kafa gidan zu a cikin birni. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970 da 1980 da yawansu suna da hotunan da suka ɗauka a Bagauda, ana taro ko ana hutun ƙarshen mako. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarna mai yawa a ƙauyukan da ke ƙasa da ita. Harabar otal ɗin a yau ita ce reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Na Tiga kuwa, shekarun tashensa sun daɗe da wucewa.

An saba ɗora laifin a kan yadda muke wa kayan gwamnati riƙon sakainar kashi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ina tsaye a gindin dutsen sai na ga wani dalilin. An gina wuraren ne domin manyan ma'aikata da Turawan kwangila su zo su kalli ruwa daga sama, su ci abincin otal, su koma inda suka fito. Masuncin da ya sayar mini da kifi ba ya cikin lissafin, haka manomin da ruwan ke tafiya gonarsa. Da manya suka ɗauke ƙafa, babu wani a ƙauyukan da abincinsa ya yanke har ya tashi ya ce sai an gyara. A tsibiran Girka, ɗakunan saukar baƙi da ƙananan gidajen abinci da yawa na iyalan wurin ne. Mai ɗaki shi ke shafa wa bangonsa farar ƙasa, ya share gaban gidansa, domin idan baƙo bai dawo ba tukunyarsa ce ba za ta hau wuta ba.

Bin kanal

Daga Tiga ruwan yana fita ta babbar magudana da aka gina masa, wadda manoma ke kira kanal, ya zuba a ƙaramin tafkin Ruwan Kanya, sannan ya ci gaba arewa ya rabu biyu. Reshen gabas ya nufi Bunkure, na yamma ya nufi Garun Malam da Kura. Abin da ya fi burge ni shi ne babu injin da ke tura shi. Tiga ta fi filayen tudu, saboda haka gangara kawai ruwan yake yi, daga babban kanal zuwa matsakaici, daga nan zuwa ɗan ƙaramin da ke bin gefen gona. An tsara kashin farko na wannan aiki, wato Shirin Noman Rani na Kogin Kano, ya shayar da hekta 22,000. Gwamnatin jiha ce ta faro shi, daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976.

Na bi reshen yamma a bayan babur ɗin ɗan Kawu. Idan ana neman abin da ya yi kama da gaɓar teku a ƙasar Kano, to bakin kanal ne da la'asar. Yara suna tsalle daga kan gada suna faɗawa ruwa duk da sanyin hunturu. 'Yan mata sun shanya wanki a kan ciyawa. Masu babur da masu a-daidaita-sahu suna wanke ababen hawansu, wani ya zube buhun karas yana ɗauraya, can gaba makiyayi ya kawo shanu sha. Babu mai sayar da tikiti, babu wanda ya zo don a gan shi.

Na cire takalmi zan tsoma ƙafa, ɗan Kawu ya riƙe ni. Ya ce, “Yaya, bar shi, ba ka saba ba.” Inda ruwan ke kwanciya yana tara dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma a ƙauyukan nan yaro mai fitsarin jini ba abin mamaki ba ne. Inda yake gudu da ƙarfi kuwa gefen siminti santsi gare shi, wanda ya zame da wuya ya samu abin kamawa. Ya nuna mini kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ke toshe hanyar ruwa har na ƙarshen layi ya rasa rabonsa. Aikin gyaran da aka yi da rancen Bankin Duniya a 'yan shekarun nan, wanda ake kira TRIMING, ya yashe magudanai da dama, ya kuma damƙa kula da ƙananan a hannun ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Ɗan Kawu ya ce tun daga lokacin rigimar ranar ban ruwa ta ragu a layinsu, ko da yake ba ta ƙare ba.

Gab da magariba muka isa gonar. Kawu yana tsugune a bakin ƙaramin kanal. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya ɗauki wani lanƙwasasshen bututu, ya nutsa shi a ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja shi ya tsallake da shi gefen kanal ya saki, sai ga ruwa yana bulbulowa cikin fangali. Ya miƙo mini wani. Na gwada sau biyar, iska kawai nake kamawa. Ya karɓa yana murmushi ya ce, “Kakanka da jigo ya yi lambu a fadama, guga ɗaya bayan ɗaya, yini guda bai shayar da rabin wannan ba. Kafin ruwan nan ya zo, da an gama kaka garin nan watsewa yake, samari su tafi cin rani. Yanzu mu ake zuwa wa cin rani.”

A eka ɗayan nan, in ji shi, da damina shinkafa ake yi, da rani kuma tumatir ko albasa ko masara. Ya yi alkama shekaru da dama, musamman bayan 1987 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita daga waje, har farashinta ya yi kyau. Da kuɗin wannan gona mahaifiyata ta biya mini rajistar shekarar farko a jami'a. Ban taɓa sani ba sai a daren nan.

Kwanar Gafan da Kadawa

Washegari bayan asuba muka tafi Kwanar Gafan. Wanda ya saba hango kasuwar daga mota bai ga komai ba. Kwanduna ne jere iya ganinka, an rufe bakinsu da ganye ko takarda an ɗaure, 'yan dako na gudu da su a ka, dillalai na ɗaga murya, manyan motoci sun yi layi ana loda musu zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal da Anaca. Miyar da za a ci a kudu nan da kwana biyu ko uku, ga ta nan a gabanka. Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kwandon da aka taya da safe yana iya faɗuwa kafin azahar idan kaya suka yi yawa motoci suka yi kaɗan. Tumatir ba hatsi ba ne da za a mayar rumbu, saboda haka manomi ba shi da ƙarfin cewa albarka. Wanda ya rasa mai saye sai ya yayyanka ya shanya ya yi kauɗa, shi ne jan da ake gani shimfiɗe a gefen hanya.

Kusa da nan, a Kadawa, akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma masana'antar tumatirin gwangwani ta Dangote, wadda ta fara aiki a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata sharon, ta cinye gonakin tumatir a arewa. Tun daga lokacin masana'antar ta sha tsayawa ta sake tashi. Na sha rubuta labarin daga ofis, ina kiran wannan ina kiran wancan a waya, amma sai a kasuwar na fahimci lissafin. Idan tumatir ya yi ƙaranci, kasuwa ta fi masana'anta biya, manomi kuwa ba zai kai kayansa inda ake biya ƙasa ba. Idan ya yi yawa, 'yan makonni ne, sai zafi ya shigo kaka ta ƙare. Abin da hekta ɗaya ke bayarwa a nan bai kai na ƙasashen da muke sayen gwangwaninsu ba, don haka na waje yakan fi araha. Kowa a cikin wannan ciniki yana da hujjarsa, kuma ba a gane hakan daga kan kujera.

Kura

Da rana muka shiga Kura. Ƙarar injinan casa ce ke fara tarbar mutum, sai ƙamshin shinkafar da ake turarawa a cikin gidaje, aikin da mata suka fi riƙewa. Ana kawo shanshera daga gonakin yankin da ma nesa da shi, a turara, a shanya, a cashe, a ɗura a buhu. Mai sayen shinkafar gida a Dawanau ko a Singa sau da yawa ta Kura yake saye bai sani ba.

Amma sunan Kura ya riga shinkafa fita duniya. A ƙarni na 19 garin ya shahara da rini da bugu. Baƙin yadi mai walƙiyar shuni da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, daga nan fatake ke ɗaukarsa su ratsa Sahara da shi. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'ar rini ta ƙasar Kano ya yi babban bincikensa. Na roƙi wani tsoho ya nuna mini karofi. Ya kai ni wani fili a bayan gidaje, ya nuna mini bakin ramukan da ƙasa ta cike. Babu allo, babu rubutu, awaki ne kwance a wurin. Na yi digiri a aikin jarida, na rubuta tarihin wani tsibiri a Bahar Rum, ban taɓa sanin cewa garin da nake wucewa da gudu ya yi ciniki da Agadas da abin da ke bayanta tun kafin a haifi kakan kakana ba.

Tumatirin da na manta a Santorini

A daren ƙarshe, ina kwance a ɗakin baƙi na gidan Kawu, na tuna wani abu da na ci karo da shi lokacin da nake binciken shafin nan na watsar, don a ganina ba zai yi kyau a hoto ba. Santorini ma ƙasar tumatir ce. Suna da wani ɗan ƙaramin iri da ke yi ba tare da ban ruwa ba, domin ƙasar toka ce mai riƙe raɓar dare. A tsakiyar ƙarni na 20 akwai masana'antun markaɗa shi da dama a bakin teku, kuma da shi iyalai masu yawa ke ci. Girgizar ƙasa ta 1956 ta kori mutane da yawa daga tsibirin. Bayan haka baƙi suka fara zuwa, gona ta koma filin gini, ɗan manomi ya koma ma'aikacin otal. Masana'antar da aka gina a Vlychada a 1945 ta rufe a 1981, a 2014 kuma aka mayar da ita gidan tarihin tumatir. Yau baƙo yana biyan kuɗi ya shiga ya kalli injinan da suka daina juyawa.

Tsibirin da mazaunansa ba su wuce dubu goma sha biyar da 'yan kai ba yanzu miliyoyin mutane ke sauka a cikinsa kowace shekara. Ruwan sha sai an tace na teku. Cunkoso ya kai ga a 2025 gwamnatin Girka ta sa harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ya sauka a can a tsakiyar bazara. Wannan ne ɓangaren da na ɓoye wa masu karatuna, na ba su fararen gidaje da faɗuwar rana.

Ba na yi wa Garun Malam fatan zama Santorini. Abin da suke nunawa a gidan tarihi mu muna da shi da ransa, yana aiki, yana ciyar da rabin ƙasa. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne, wato mu riƙa tsayawa. Masu karanta wannan wasiƙa da yawa su ne ke yanke hukunci a kan wannan yanki: ma'aikacin banki mai duba takardar rancen noma, jami'in ma'aikata mai tsara rabon taki, likitan da ake kawo wa yaro mai tsargiya, ɗan jarida irina mai rubuta dalilin tsadar tumatir. Muna yin haka ne a kan wurin da ke ƙasa da tafiyar sa'a guda daga gidajenmu, wanda ba mu taɓa kashe mota a cikinsa ba. Asabar ɗaya ta isa mutum ya kai iyalinsa Tiga da safe, ya biyo ruwa zuwa Kadawa, ya ci abincin rana a Kura. Abin da wurin ke buƙata don karɓar irin waɗannan baƙi bai kai otal a kan dutse ba: inuwa, da makewayi mai tsabta, da rigar kariya a kwale-kwale, da ɗan gari da zai yi jagora a biya shi, da allo a bakin karofi mai faɗin abin da aka yi a wurin. Idan kuɗin ya shiga hannun mutanen garin, su za su kula da shi.

Maganar gona

Da safe na faɗa wa Kawu abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, “Na sani tun ranar da ka ce za ka kwana. Gona taku ce, Allah ne ya ba ku, ba ni da ta cewa. In za ku sayar ku fara yi mini tayi, ko da a hankali zan biya. Amma kada ku bar ta don tausayina. Wanda ya bar gona don tausayi, baɗi zai dawo da maganar. In za ku bar ta, wani a cikinku ya riƙa zuwa.”

Daga bakin kanal na kira 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, na roƙi a ba ni shekara guda. Biyu sun amince. Ƙanena bai amince ba, yana da bashin da ya matsa masa, kuma ban ga laifinsa ba. Mun tsaya a kan zan sayi kasonsa da kuɗin da na tara na tafiya, idan ya isa. Idan bai isa ba, za a sake zama bayan kaka. Na ɗauki nauyin takin bana, na kuma yi alkawarin zuwa sau ɗaya a wata.

Har yanzu ina son ganin Santorini, kuma idan Allah ya nufa zan je, in nemi gidan tarihin tumatir kafin in nemi wurin kallon faɗuwar rana. Amma Asabar mai zuwa ce ranar ban ruwa a layinmu. Kawu ya ce in zo da sassafe, in taho da 'yata, ko ita za ta riga ni iya kama ruwa da bututu.